Shekarar da Aka Ce Na Ƙi Tuwon Hajo

Ku ɗiyana, Nafisa da Habu da ƙannenku, na san abin da aka faɗa muku game da dangar karan da ta raba gidanmu biyu. An ce muku ubanku ya zargi matar yayansa da sa masa magani a tuwo. Kun ji shi a bakin rijiya, kun ji shi a gidan biki, ke Nafisa har a gidan mijinki an yi miki gorinsa. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni, ku ma ba ku tambaya ba, sai kallo ta wutsiyar ido. To ga shi zan rubuta da ɗan bokon da na tsinta kafin mushe, malaminmu na boko, ya gaji da ni ya kore ni daga lakol. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya ci gaba da sauraron matan rijiya.

Da kakanku ya rasu, Yaya Haruna ne ya riƙe gandu a ƙauyenmu na yankin Cadakori. Gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Matarsa Hajo da uwarku Rabi suna karɓa-karɓar girki. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fito da akushin kakanku, ni da Yaya mu sa shi a tsakiya. Maƙwabta ma kowa ya fito da nasa, a yi ciyayya. Ku da kuka taso kowa da kwanonsa a ɗaki ba za ku gane ba. A akushi kowa gabansa yake ci. Idan aka mayar da shi cikin gida, mata na dubawa su san wa ya ci da yawa, wa ya tsakura, wa ke fushi, wa ba shi da lafiya. Yaya mutum ne da ba ya son magana, sai dai ya tura maka tsokar nama gabanka da yatsa in akwai, in babu ya tura maka inda miya ta fi taruwa. Hajo kuwa bakinta ba ya hutawa. Tun da aka kawo ta gidan ina saurayi muke wasan ƙanin miji da matar wa. Ba ta taɓa kirana da sunana Lawali ba, sai mijina, ko mushe in tana son ta tuna mini lakol ɗin da ban gama ba. Ni kuma in ce mata maƙona-kuka.

A shekarar da nake ba ku labari gyaɗa ta yi kyau, Yaya ya sayi moto, wato babur, ya ce in riƙa kabu-kabu da rani maimakon in tafi ci-rani. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maradi, nakan ɗauki man gyaɗa da ƙuli-ƙulin uwarku in kai wa masu sari, in wuni ina ɗaukar fasinja a cikin birni. Uwarku tun jajibiri take suya da matsa, ta tashi da asuba ta ƙarasa, kafin yamma hannunta ba ya iya ɗaga muciya. Hajo ce da kanta ta ga haka, ina tsaye ina ɗaure jarka a bayan moto ta ce,

"Ke Rabi, bar mini Litinin da Juma'a. Hannunki duk man gyaɗa ne, kada wata rana ki tuƙa muna ƙuli a ce tuwo ne."

Ku riƙe wannan. Alheri ta yi wa uwarku, ba wanda ya sa ta. Daga ranar duk Litinin da Juma'a girkin Hajo ne, su ne kuma ranakun da nake Maradi.

A Maradi na sayi waya mai shafawa, ta hannu, gilashinta da tsaga. Wani abokin sana'a, Isuhu, ya sa ni a gurup ɗin 'yan kabu-kabu. An buɗe shi ne don a riƙa faɗin inda jandarma suka tsaya da inda ake samun mai, amma ba a yi nisa ba ya koma na ciki. Wannan ya turo bidiyon mai shayin da ke soya taliyar leda da ƙwai da albasa, wancan ya turo na wata rumfa da ake cusa soyayyen dankali cikin burodi a malala mayonez. Wata rana Isuhu ya turo wanda ya kama ni. Nama ne aka tara kamar turmi a tsaye, yana juyawa a gaban wuta, mai yana tsiyaya, wani mutum da doguwar wuƙa yana shefta shi siriri-siriri, ya zuba a kan wani burodi mai faɗi kamar faifai, ya sa ganye da farin miya da yaji, ya naɗe kamar tabarma. Aka rubuta a ƙasa, shawarma. A ƙauyenmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai a kan tudun bayan gari, to har can nake hawa in sake kallon naman nan yana juyawa, ni da furfura ta fara fito mini.

Ranar da Isuhu ya kai ni wurin, a kan moto na zauna na ci. Ba zan yi muku ƙarya in ce ba daɗi don labarin ya yi kyau. Akwai daɗi. Ga ɗumi, ga tsami-tsami, ga yaji, nama na narkewa tun ba ka tauna ba, farin miyan na gangarowa har gwiwar hannu kana lashewa. Tun daga nan muka zama kamar yara. Duk abin da aka turo a gurup sai mun bi sawunsa ranar kasuwa. In an ce an buɗe sabon wuri kusa da tasha, muna can. In an ce wata mata na yin yawur, nonon nan na kanti, mai sanyi da dabino a wata unguwa, muna can. Mu ci, mu ɗauki hoto, mu tura, a yi ta gardamar wanne ya fi. Bayan la'asar nake ci in kamo hanya, in iso gida ana kiran magariba, cikina dam da mai.

Da farko nakan tsakuri tuwon don kunya. Daga baya ko hannu na daina wankewa. Ban ɓoye komai ba, wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Tun ranar farko na faɗi gaskiya.

"Na ƙoshi, Yaya. Na ci abinci a Maradi."

"Mi ka ci?"

"Shawarma."

"Tuwon mi ne?"

"Ba tuwo ba ne. Burodi ne da nama."

"To ba ka ci abinci ba. Sa hannu."

Maƙwabta suka yi dariya, ni ma na yi. A wurin Yaya da duk mutanen garinmu, wanda bai ci tuwo ba da yunwa ya kwana, ko da rago guda ya cinye. Burodi abin taɓa baki ne, na yara da marasa lafiya. Saboda haka in namiji ya ce burodi ya hana shi tuwo, ba su ji amsa ba, sun ji mutum yana kewaye-kewaye.

Akushi ya riƙa komawa cikin gida da gefe guda a tsaye kamar katanga, gefena. Hajo ta fara ɗaukar abin da wasa. Ta tare ni ina wanke moto.

"Mijina, wace 'yar Maradi ce ta ƙwace mini kai?"

"Wadda ba ta ƙona kuka."

"Allah ya sa ta iya dakan hura, don na ga wuyanka ya fara tsawo."

Ashe a ranta ba wasa ba ne. Ta ƙara daddawa a miya. Ta nemo man shanu wurin Fulani. Wata Juma'a ta yanka zakaranta, nata na kanta da take kiwo, ta yi miyar kuɓewa da shi. Ranar kuwa har shawarma biyu na ci, don Isuhu ya gano wani sabon wuri. Yaya ya turo mini cinya gabana da yatsa, na mayar masa. Ban san zakaranta ba ne, sai daga baya uwarku ta faɗa mini.

A cikin haka Goggo Dije, ƙanwar kakanku, ta zo ta yi mana kwanaki. Allah ya jiƙanta, amma matar nan in ta zauna a tsakar gida ba abin da ke wuce ta. Ita ta fara haɗa lissafin da ba wanda ya haɗa. Ranar girkin Rabi, in ji ta, Lawali na sharce gabansa har ya lashe yatsu, ranar girkin Hajo ba ya taɓawa. Ga wani abu kuma. Man nan da mayonez ba su karɓi cikina ba, duk ranar kasuwa sai ya yi ta murɗa, in sa uwarku ta jiƙa mini sabara. Goggo ta ga jiƙo na shiga ɗakina ranar girkin Hajo kaɗai. Ba ta ƙirƙiri komai ba, duk abin da ta gani ya faru. Ta dai ɗauke shi ta kai bakin rijiya, ya dawo da ƙafafu: wai wani malami a Maradi ya duba mini, ya ce wata mace a gidanmu na zuba mini abu don a raba ni da moto, ya hana ni cin abin hannunta.

Da uwarku ta kawo mini maganar dariya na yi. Na ce zan kashe ta da hujja. Litinin na sayo shawarma na sa a aljihun riga, na kawo ƙofar gida na ajiye a gaban Yaya. Hanya da zafin jiki sun gama da ita, ta yi sanyi ta lanƙwashe, takardar ta jiƙe. Yaya ya buɗe da yatsa biyu, ya duba, ya sansana.

"Wanga abu ne ke ƙosar da kai? Ko ɗan yaye ba ya ƙoshi da shi."

Na ciro waya in nuna masa naman yana juyawa. Ba rezo. Wani ɗan zobe ya yi ta zagaye a kan gilashi, dattawa na leƙe, har Yaya ya gaji ya koma kan tuwonsa. Kafin gari ya waye labari ya ƙaru, wai Lawali ya fara shigowa da abincinsa daga waje a aljihu.

Na san abin da za ku ce. Baba, mi ya hana ka bar cin na Maradi ka dawo da yunwarka? Uwarku ta faɗa mini haka har da kuka. Na gwada. Wata Juma'a na dawo ban ci komai ba, na wanke hannu, sai na ga idon kowa a kan yatsuna, har yara sun leƙo ta zaure. Na janye hannuna daga akushin. Na ce a raina, ni da gidan ubana sai an sa mini ido kamar akuyar da ake wa ɗure? Litinin na koma wurin mai shawarma. Akwai kuma abin da ba ku sani ba game da zama ƙane a gandu. Gonar ta Yaya ce a baki, rumbun shi ke buɗewa, moton da nake hawa shi ya saya, naman miya shi ke turo mini rabona. A duk rayuwata abin nan da ake naɗewa a takarda shi ne kaɗai na zaɓa da kaina, na ci ba wanda ya yanka mini. Ƙaramin abu ne, na sani. Ban ce ya kai gida ba. Ina faɗa muku yadda yake ne.

Ranar da abin ya fashe Juma'a ce, ana gab da damina. Ƙofar gida cike, har da baƙin da suka zo wurin maƙwabcinmu. An buɗe akushi, na ce na ƙoshi kamar kullum. Sai ga Hajo ta fito daga zaure da mayafi. Mace ba ta zuwa wurin ciyayya, ban taɓa gani ba, kakanku ma bai taɓa gani ba. Kowa ya tsayar da hannu. Ta durƙusa, ta wanke hannu a ruwan maza, ta miƙa gabana, daidai inda nake ci, ta gutsiri loma, ta dangwali miya, ta kai baki. Ta tauna a hankali ta haɗiye kowa na kallo. Sannan ta ce,

"Malam Lawali, na ci. In akwai wani abu, ni zai fara ɗauka. Bisimilla."

Malam Lawali. Tun da take ba ta taɓa kirana haka ba.

Ku sa kanku a inda nake zaune. In na sa hannu bayan ta ɗanɗana, na nuna wa duk garin da ma ɗanɗanawar nake jira, zargin ya tabbata ke nan. In na ƙi, an ce ko da ta ci bai yarda ba. Na duba fuskokin nan ban ga ko ɗaya da ke neman gaskiya ba, kallo suka zo. Na juyo gare ta na ce,

"Hajo, ban taɓa zarginki ba. In na ci yanzu, na zarge ki ke nan."

Yaya bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ci, Lawali."

"An maishe ni abin kallo, Yaya."

"Matata ce durƙushe gaban maza. Ci."

"Ba na ci."

Na tashi na kaɗe riga. Yaya ya jawo faifai ya rufe akushin, ya ce wa Hajo ta ɗauka ta shiga gida. Ban ji abin da aka ce a bayana ba, na hau tudun bayan gari na zauna. Rezo ya kama, wayar ta yi ta ƙara a aljihu, 'yan gurup na turo hoton gasasshiyar kaza.

Mun yi noman daminar tare, kunya ɗaya muke bi a gona, ba ma magana sai ta aiki. Da aka gama ɗaurin hatsi Yaya ya kira dattawa. Ba faɗa, ba ɗaga murya, shi ba ya yi. Ya ce tunda hannu ba ya haɗuwa a akushi, ba amfanin ya haɗu a rumbu. Aka raba gona, aka raba dammuna, aka kafa danga daga bakin zaure har bayan gida, aka fasa mini ƙofa ta gabas. Akushin kakanku ya bi Yaya. Moto ya bar mini, ya ce tunda shi ya kai ni inda nake ƙoshi, in riƙe.

Sauran kun gani da idonku. Rabin gona da hannu ɗaya ba ya ciyar da gida. Uwarku ta koma girki kullum, sana'ar mai ta mutu, don ba mai karɓar mata Litinin da Juma'a. Moto ya tsufa na sayar. Isuhu ya tafi arewa neman kuɗi, gurup ya watse, mai shawarmar ma da na koma wata shekara na tarar da mai gyaran waya a rumfarsa. Ku da 'ya'yan Yaya da kuke wawar kwano ɗaya kuna ƙanana, aka koya muku in an ba ku abu a wancan gefen ku ce kun ƙoshi. Ba ni na koya muku ba, ba Hajo ba ce, garin ne. Ita kuwa in mun haɗu a hanya sai ta rusuna ta ce, Malam Lawali, an wuni lafiya, kamar wani baƙon limami. Na gwammace ta zage ni. Mutanen da suka kai maganar rijiya suka kawo, ko ɗaya bai rasa lomar tuwo a kanta ba, suna nan suna ciyayyarsu, wasu har sun je Makka.

Bara Yaya ya kwanta ciwon ajali. Na zagaya ta ƙofar waje na zauna a gefensa, ya dube ni ya ce,

"Har yanzu kana cin burodin nan naka?"

Na ce na bari tuntuni. Ya ce, "To," ya juya fuska bango. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ranar sadakar uku aka fito da tuwo, na sa hannu na ci da jama'a, sai na ji wani a bayana yana raɗa, wai ai ya ci ne don maƙwabta suka dafa, Hajo ba ta taɓa tukunya ba. Gawar yayana ba ta huce a ƙasa ba suna kan bakansu.

Na bari Hajo ta fita takaba. Wata Litinin da yamma na ɗauki kwano a ɗakin uwarku, na fita ta ƙofar gabas, na zagaya, na yi sallama a zauren da aka haife ni. Ta fito. Ta tsufa, ni ma haka. Na miƙa kwanon.

"Matar Yaya, yau Litinin. Girkinki ne."

Ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Shawarmar ta ƙare ne a Maradi, Malam Lawali?"

"Ta ƙare."

Ta karɓa ta shiga. Na tsaya a zaure ina jin ƙarar mara a tukunya. Ta dawo da shi rufe da faifai, ta miƙo mini. Sai da na zo ɗaki na buɗe. Tuwon hatsi ne da miyar kuka, ba ta ƙone ba. A gefen malmalar an gutsiri loma guda, ga sawun yatsunta nan. Uwarku ta leƙa ta gani, ta fita ta bar ni. Daga wurin na fara ci, na cinye har na sharce kwanon.

Tun daga ranar duk Litinin ina kai kwano, duk Litinin yana dawowa da gurbin loma guda. Ban tambaye ta dalili ba, ba kuma zan tambaya ba. Abin da nake so da ku shi ne wannan. In kun shiga wurinta ta ba ku abinci, ko kun fito daga walima ne, ku zauna ku ci ku nemi ƙari. Wayoyinku da abin da kuke kallo a ciki ban hana ku ba, ku ci abin da kuka ga dama a birni, amma ku bar wa tuwo wuri. In kwanon ya zo mini wata rana ba a taɓa shi ba, zan kira ku ku gani. In kuma na riga tafiya, kai Habu, kwanon na nan a rataye bayan ƙofa, ranar Litinin ne.